Gasar mutum-mutumi: a fara tankaɗe daga jihohi kamar yadda ake yi a kokowa

Duk mai bin kokowar gargajiya a Nijar ya san ba a zuwa neman takobi kai tsaye. Kowace jiha sai ta yi nata tankaɗe da rairaya ta fitar da ƴan kokowa goma, sannan jihohi takwas su haɗu, mutum 80 a fili ɗaya. Tun 1975 da aka fara a Tahoua, gasar tana zagaya jihohi. Wannan tsari ne ya bai wa ɗan ƙauye mai ƙarfi hanyar da zai bi har ƙasa ta san sunansa. A ganina, haka ya kamata mu tsara gasar ƙera mutum-mutumi ta ɗalibai, tun kafin ta kafu a kan wata hanya ta daban.

A irin wannan gasa, ƙungiyar ɗalibai ce ke harhaɗa ƙaramar na'ura mai tayoyi, su rubuta mata umarni a kwamfuta, ta yi wani aiki cikin ƴan mintoci, kamar kwashe ƙwallaye ta zuba su inda aka ce. A gasar duniya ta FIRST Global, wadda aka fara a birnin Washington na Amurka a 2017, kowace ƙasa ƙungiya ɗaya tak take turawa, ta matasa masu shekara 14 zuwa 18. Ke nan maganar duka tana ga yadda aka zaɓo waɗannan ƴan kaɗan.

Hanya mafi sauƙi ita ce a kira taro guda a Yamai, wanda ya iya zuwa ya zo. Amma daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, daga Diffa kuwa ya haura 1,300. A lissafa kuɗin mota, masauki da abincin yara biyar da malaminsu. Lakwal nawa ta gwamnati za ta iya? Uba nawa zai bar ƴarsa ta yi wannan tafiya? Idan aka yi haka, aljihun iyaye da kusanci da babban birni ne za su yi zaɓen tun kafin alƙalai su zauna.

Ko a Amurka sun yi fama da wannan. A jihar Michigan, tun 2009 masu shirya gasar FIRST ta ƴan sakandare suka koma ga ƙananan gasanni kusa da gida, galibi a ɗakunan wasanni na makarantu. Kowace ƙungiya tana shiga gasa biyu, ana tara mata maki, masu maki da yawa su wuce zagayen jiha. A matsayina na malami, abin da ya fi burge ni shi ne damar nan ta biyu. Yaron da na'urarsa ta ƙi tashi a karon farko zai koma ya gano inda waya ta kwance, ya gyara, ya dawo. A nan ne karatun yake.

Wuraren yi kuwa muna da su. Akwai jami'o'i a Maradi, Damagaram da Tahoua, akwai makarantun horar da malamai da na koyon sana'a. Abin da ya rage shi ne ƙa'idoji, kuma huɗu nake gani wajibi. Na farko, kayan aiki su zama iri ɗaya ga kowa, misali allon Arduino da ƙananan injuna, a kuma ƙayyade iyakar kuɗin da za a kashe. Na biyu, alƙalai su fito daga wata jiha, kada malami ya yanke wa ɗalibansa hukunci. Na uku, yaran da kansu za su yi bayanin na'urarsu a gaban alƙalai, da Hausa ko Zabarmanci ko Faransanci, don a gane aikin yaro da aikin malami. Na huɗu, a gama zagayen jihohi tsakanin Janairu da Maris, kafin tsananin zafi da shirin jarrabawar ƙarshen shekara.

Na san wani zai ce idan aka ware wa kowace jiha gurbi, ƙungiya mai ƙarfi daga Yamai za ta zauna gida, mai rauni daga wani wuri ta wuce. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Maganinta shi ne a bai wa kowace jiha gurbi ɗaya tabbatacce, a ƙara wasu guraben da maki kaɗai zai raba, ko daga ina ƙungiya ta fito. Raunin jihar da ba ta taɓa shiga ba kuma, shiga ce kawai ke magance shi.

Ƴan uwana malamai da iyaye, kada mu jira sai takarda ta zo daga ma'aikata. Lakwal uku ko huɗu a gari ɗaya za su iya haɗuwa ranar Asabar, da batura da aka yi wa caji da teburi biyu, su rubuta maki a allo. Ƙungiyoyin iyayen yara su ɗauki nauyin ruwa da abinci. Ranar da za a zo neman wakilan ƙasa, a tarar kowace jiha tana da sunayen ƴaƴanta da makinsu a rubuce. Allah ya yi wa yaranmu albarka.