Ɗinkin da sojojin Amurka ke yi wa karnukansu tun suna lafiya

A shekarar 2001 wasu likitocin dabbobi na rundunar sojan Amurka suka fitar da sakamakon wani bincike. Sun bi takardun karnukan aikin soja 927 da suka mutu tsakanin 1993 da 1996, suna neman abin da ya yi ajalin kowanne. Ciwon gaɓoɓi, ciwon daji, lalurar laka da tsufa su suka fi yawa, kuma duk cututtuka ne masu cin jiki sannu a hankali. Na biyar ya sha bamban. Kusan 9 cikin 100 na karnukan nan murɗewar tumbi ce ta kashe su, cutar da kan kama kare lafiyayye da magariba, kafin asuba ta gama da shi.

Yadda abin ke faruwa shi ne, tumbin kare yakan cika da iska ya kumbura, sannan ya juya a kan kansa, kamar takardar alewa da aka murɗe ta gefe biyu. Hanyar da abinci ke shigowa ta toshe, wadda yake fita zuwa hanji ma ta toshe. Ba gyatsa, ba amai, iska kuwa sai ƙaruwa. Tumbin da ya kumbura sai ya danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya daga bayan jiki, ya tokare huhu, sau da yawa ya ja saifa ta juya tare da shi. Naman tumbin kansa, da jini ya daina isa gare shi, sai ya fara mutuwa.

Manyan karnuka masu zurfin ƙirji cutar ta fi kamawa. Farfesa Larry Glickman na Jami'ar Purdue da ke jihar Indiyana ya shafe shekaru yana bibiyar karnuka sama da 1,900, ya kuma ƙiyasta cewa a jinsin Giret Den kusan 4 cikin 10 za su gamu da ita a tsawon rayuwarsu. Haɗarin yakan ƙaru da shekaru, da gaggawar cin abinci, da kuma gado, wato idan uwa ko uba ko ɗan'uwan karen ya taɓa yi. Wani abin da binciken ya bankaɗo ya ba mutane mamaki: an daɗe ana shawartar masu karnuka su ɗora kwanon abinci a kan wani abu mai tsayi don kariya, sai ga shi karnukan da ake yi wa haka sun fi kamuwa.

A asibiti ana tabbatar da cutar da hoton eksire. Akan kwantar da karen a gefensa na dama, idan tumbin ya juya sai a ga iskar ta rabu gida biyu, da wani nama ya ratsa tsakani. Amma likitan da ya san aikinsa ba da hoto yake farawa ba. Ƙarin ruwa yake fara sawa, a jijiyoyin ƙafafun gaba, domin ruwan da aka sa ta baya ba zai wuce wurin da aka danne ba. Sannan ya sace iskar, ko ta tiyo da zai zura ta baki, ko ta allura mai kauri da zai soka a kwiɓi. Akan kuma auna sinadarin laktet a jini. Likitocin Jami'ar Pensilbaniya sun ruwaito a 1999 cewa karnukan da awonsu bai kai 6 ba, 99 cikin 100 sun rayu, waɗanda suka haura kuwa 58 ne kawai. Yawan sinadarin yana nuna irin ɓarnar da rashin jini ya riga ya yi, ɓarnar kuwa da awanni take tafiya.

Sai an farfaɗo da karen ake shiga tiyata. A buɗe ciki, a mayar da tumbi mazauninsa, a duba launinsa. Inda ya yi baƙi ya mutu ke nan, a yanke a ɗinke. Saifa idan ta lalace a cire. Daga nan sai aikin da ya fi komai muhimmanci: a ɗan tsaga fatar tumbi ta wajen mafitarsa, a tsaga bangon ciki na dama bayan haƙarƙarin ƙarshe, a haɗa su a ɗinke, su warke a manne. Glickman da abokan aikinsa sun gano a 1998 cewa fiye da rabin karnukan da ba a yi wa wannan ɗinki ba cutar ta dawo musu, waɗanda aka yi wa kuwa ba su kai 5 cikin 100 ba. Ko bayan tiyata akan sa ido kwana ɗaya ko biyu, saboda bugun zuciya yakan rikice.

Sojojin Amurka suka yi lissafinsu. Karen da aka ɓata watanni ana koya masa shinshino bam, ga shi za a kai shi fagen daga inda babu ɗakin tiyata kusa, me zai sa a jira cuta ta zo? Sai ɗinkin ya zama al'ada a sansanin Lackland da ke San Antoniyo a jihar Teksas, inda ake horar da karnukan. Ana yi musu suna lafiya, kafin a tura su aiki.

Abin da ya sa na damu da wannan magana shi ne, irin waɗannan karnuka sun shigo mana. Jaman Shefad, wanda aka fi sani da Alseshan, yana gadin gidaje da gonaki da rumbunan kaya a Kano, Kaduna, Jos da Abuja, jami'an tsaro ma suna aiki da shi. Mun sayo karen, amma ilimin kula da shi bai iso hannun yawancinmu ba. Sau nawa aka wayi gari an tarar da karen gadi a mace, ciki a kumbure, aka ce guba aka ba shi? Sai zargi ya faɗa kan maƙwabci, ko kan maigadi, wanda wataƙila ya rasa aikinsa a kan laifin da bai yi ba. Ana sa wa karnuka guba, ba na musu. Amma ba a rarrabe guba da murɗewar tumbi sai likita ya buɗe gawar, kuma abin da Amurkawan nan suka yi ke nan har suka san abin da ke kashe musu dabbobi. Muna da asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi a Zariya, Sakkwato da Maiduguri, inda wannan aiki ba baƙo ba ne.

Akwai kuma tarkon da saninmu na kiwo zai iya jefa mu. Duk wanda ya taso da awaki ya san kumburin ciki, ya san akan ɗura wa dabba mai, a zagaya da ita har ta saki iska. Wannan na dabba mai tuƙa ne, wadda hanyar cikinta ke buɗe. Kare da tumbinsa ya murɗe, duk abin da aka ɗura masa ba shi da wurin zuwa, yana ma iya sarƙe shi ya shiga huhu. Idan ka ga babban kare ya kasa zaune ya kasa tsaye, yana ta yunƙurin amai ba abin da ke fita sai kumfa, miyau na dalala, cikinsa ya yi tauri, dasashinsa ya yi fari, to a daren za ka ɗauke shi zuwa wurin likita. Jiran safiya shi ne kashe shi. Dabbar da ka ɗaure a gidanka take maka gadi amana ce, kuma azabar wannan ciwo ba ƙarama ba ce.

Ba kowa ke da kuɗin tiyatar rigakafi ba, karen farautarmu na gida ma ba ya cikin jinsunan da binciken Glickman ya lissafa. Amma mai Alseshan ko wani ƙaton kare zai iya raba masa abinci sau biyu ko uku a rana maimakon tuli guda da dare, ya ajiye kwanon a ƙasa, ya bar shi ya huta bayan ya ci. Ya tambayi mai sayarwa ko cutar ta taɓa kama iyayen. Idan za a yi wa karya aikin cire mahaifa, lokacin ne ya dace a tambayi likita ko zai haɗa da ɗinkin tumbi, tun da ciki a buɗe yake. Ɗinkin yana hana juyawa, amma ba ya hana kumburi, saboda haka ko karen da aka yi wa, idan cikinsa ya tashi, a kai shi a duba.