Filin Kiɗa da Kimiyya: Yadda Tsirkiya Ke Zaɓa wa Makaɗi Waƙa

A wannan mako za mu leƙa Turai ta shekaru ɗari biyar da suka wuce, mu duba wani abin kiɗa da ake kira lut. Ɗan'uwan molo ne da garaya: yana da ƙoƙo, da wuya, da tsirkiyoyin da ake taɓawa da yatsu. Darasinmu guda ne. Irin tsirkiyar da makaɗi ya samu ita ke yanke masa irin kiɗan da zai iya yi.

Sunan lut ya samo asali daga kalmar Larabci al-ud, wato itace. Larabawa ne suka shiga da al-ud Andalus, cikin Sifaniya ta yau, kuma shahararren makaɗi Ziryab ya isa birnin Kurɗuba a shekarar 822. Sannu a hankali Turawa suka karɓi abin suka sake masa fasali. Wajajen 1500, lut ɗinsu yana da layi shida. Kowane layi tsirkiya biyu ne a jere, ban da na sama mai siririyar murya wanda galibi guda ɗaya ne.

Da me ake yin tsirkiyar? Da hanjin tumaki. Ana wanke shi, a kankare, a murɗa, a shanya. A nan ne darasinku na fizis ya shigo. Abu uku ke sa amon tsirkiya ya hau ko ya sauka: tsawonta, nauyinta, da yadda aka ja ta. Wani masani ɗan Faransa, Marin Mersenne, ya bayyana waɗannan ƙa'idoji a 1636. Idan kuka ninka tsawon tsirkiya ba tare da canza komai ba, yawan kaɗawarta zai ragu zuwa rabi, amonta ya yi ƙasa.

To, ga matsalar. Mai son amo na ƙasa a kan gajeren wuya dole ya sa hanji mai kauri, shi kuwa hanji mai kauri muryarsa a dushe take fita. Makaɗan suka nemo dabaru uku. Da farko suka riƙa haɗa mai kaurin da wata siririya wadda ke kaɗawa sau biyu a lokacin da mai kaurin ta kaɗa sau ɗaya, don ta haska mata murya. Ta biyu, a ƙarshen ƙarni na 16 Italiyawa suka ƙera tiyobo, wato lut mai ƙarin dogon wuya, wanda tsawon wasunsu ya kusan mita biyu. Da tsirkiya ta yi tsawo, babu buƙatar ta yi kauri sosai. Ta uku, wajajen 1660 aka fara naɗa wa hanjin siririyar waya, ya yi nauyi ba tare da ya kumbura ba.

Yanzu ku dubi yadda kiɗan ya bi sawun tsirkiya. A 1507 aka buga littattafan kiɗan lut na farko a birnin Benis, na Francesco Spinacino, don lut mai layi shida. Irinsa Francesco da Milano ya kaɗa. A zamanin John Dowland na Ingila, wanda ya fitar da littafin waƙoƙinsa na farko a 1597, an riga an ƙara layi na bakwai da na takwas. Shi kuwa Sylvius Leopold Weiss, makaɗin fadar Dresden a Jamus da ya rasu a 1750, ya tsara kiɗa don lut mai layi 11 har zuwa 13. Wanda ya ɗauki lut mai layi shida ya ce zai kaɗa aikin Weiss, zai tarar babu inda zai samo amon ƙasan da aka rubuta.

Har gobe masu kaɗa lut suna cikin wannan zaɓi. Hanji yana ba da muryar da mutanen dā suka ji, amma yana da tsada, yana tsinkewa, kuma yana shan laima, sai amonsa ya kauce a yi ta gyara. Nailan, wanda ya shiga harkar tsirkiya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, yana da araha da juriya. Sai dai tsirkiyoyin ƙasa na zamani masu waya suna daɗewa suna ƙara, har wani amo ya hau kan wani. Akwai kuma Nylgut, wadda aka ƙirƙira a Italiya don ta kwaikwayi hanji. Kowanne da ribarsa da asararsa.

Kada ku ɗauka yawan tsirkiya shi ne gwaninta. Marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi suna a duniya, domin ya san abin da tsirkiyarsa za ta iya, ya gina waƙoƙinsa a kai.

Ga aikin gida. Ku sami gwangwani babu komai, ku ɗaura masa robobi biyu, siririya da mai kauri. Ku taɓa kowacce, sannan ku danne tsakiyarta ku sake taɓawa, ku rubuta abin da kuka ji. Idan akwai mai garaya ko gurmi a unguwarku, ku je ku gaishe shi, ku tambaye shi: "Baba, da me kuke yin tsirkiya a dā, da me kuke yi yanzu?" Ku aiko mana da amsarsa. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.