Kafin ka sayi rigar sanyi, shirya wayarka

Duk wanda zai tafi Turai a watan Nuwamba, shawarar farko da 'yan uwa ke ba shi ita ce ya nemi rigar sanyi mai kauri. Gaskiya ne, sanyin can ya wuce hunturunmu nesa ba kusa ba. Amma a ganina riga ba ita ce abin da ya fi gaggawa ba. Ita ko a can za ka same ta a kanti. Abin da ke da wuyar gyarawa bayan jirgi ya tashi shi ne waya da layin da ba a shirya su tun daga gida ba.

Mu fara da layi, don shi ne jigo. Manhajar bankinka, WhatsApp, Gmail da Facebook duk suna iya neman lambar sirri ta saƙon tes idan suka ga ka shiga daga wata ƙasa ko wata waya. Idan ka bar layin a gida, ko ba a buɗe masa aiki a waje ba, saƙon ba zai iso gare ka ba. Ga kuɗi a asusu, ga ka a tsaye ba ka da ikon taɓa su. Don haka ka tuntuɓi kamfanin layinka ka tabbatar zai yi aiki a ƙasar da za ka, ka tafi da shi a waya, amma ka kashe masa data, saboda kuɗin data a waje ba wasa ba ne. Asusun da ya yarda da Google Authenticator kuwa, mayar da shi can, tunda lambobinsa ba sa buƙatar sabis.

Ga mai zuwa Ingila abin ya fi tsanani. Wa'adin katunan BRP ya ƙare ranar 31 ga Disamba 2024, an koma bizar intanet, wato eVisa, wadda ke cikin asusun UKVI. Shiga asusun yana buƙatar lambar da za a turo maka ta imel ko waya. Ke nan wanda ya rasa hanyar shiga imel ɗinsa zai sha wahala kafin ya nuna wa mai gidan haya ko wurin aiki izinin zamansa.

Sai batun data a can. Danna *#06#. Idan ka ga lambar EID, wayarka na karɓar eSIM, kuma za ka iya sayen data tun kana gida. iPhone daga XS zuwa sama suna da shi, amma yawancin ƙananan Tecno, Infinix da itel ba su da shi. Mai irin waɗannan sai ya bar gurbin sim ɗaya don layin can. Kada ka ji tsoron WhatsApp, yana ci gaba da aiki da tsohuwar lambarka ko ka saka sabon sim.

Sanyi kansa abokin gabar batir ne. Apple ya ce a yi amfani da iPhone tsakanin digiri 0 da 35 a ma'aunin Selsiyos. Idan sanyi ya yi yawa, caji kan zube da sauri, wayar ma tana iya ɗaukewa da sauran caji. Ajiye ta a aljihun ciki kusa da jiki. Fawa bank kuma a jakar hannu ake shiga jirgi da shi, ba a cikin akwatin da za a auna ba. Iyakar da aka saba ita ce 100Wh. Mai 20,000mAh yana kusan 74Wh, ya wuce lafiya. Soket ɗin Ingila mai ƙafa uku irin namu ne, amma Faransa da Jamus masu zagayen baki biyu suke amfani da su, sai ka sayi adafta.

Kula da agogo ma. Turai na mayar da shi baya da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. A Nuwamba Nijeriya na gaban Landan da awa ɗaya, kuma wajen ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi. Bar wayar ta saita lokaci da kanta, ka kuma sauke taswirar garin a Google Maps, don neman adireshi cikin duhu da sanyi ba daɗi.

Wani zai ce ai akwai Wi-Fi ko'ina. Akwai a filin jirgi da otal, amma tsakanin su biyun fa? Motocin bas na Landan ma tun 2014 suka daina karɓar tsabar kuɗi, sai kati ko waya.

Duk da haka, kada ka ɗora wa waya komai, tana iya faɗuwa ko a sace ta. Buga tikiti, adireshin masauki da lambar wanda zai tarbe ka a takarda. Ka ware yini guda, mako ɗaya kafin tafiya, ka gwada duk waɗannan ɗaya bayan ɗaya, tun ofishin banki da na kamfanin layi suna kusa da kai.