Sharhi: Shin Tottenham Ta Yi Adalci Da Ta Kori Postecoglou Bayan Ya Ci Kofi?

A ranar 21 ga watan Mayu na shekarar 2025 ne ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Tottenham da ke arewacin Landan ta doke Manchester United da ci ɗaya mai ban haushi a birnin Bilbao na ƙasar Sifen, ta ɗauki kofin Europa. Rabon ƙungiyar da ɗaga wani kofi tun 2008, rabonta da kofin nahiyar Turai kuwa tun 1984. Kwana 16 bayan haka, wato ranar 6 ga Yuni, hukumar kulob ɗin ta sallami kocin da ya kawo wannan kofi, Ange Postecoglou, ɗan ƙasar Ostareliya haifaffen Girka. Dalili kuwa a fili yake, domin ya gama gasar Firimiya ta Ingila a matsayi na 17 cikin ƙungiyoyi 20, da maki 38, bayan ya sha kashi sau 22 a wasanni 38.

Duk wanda ke zama a majalisar 'yan uwa a nan Ingila ya san irin musun da wannan kora ta haifar, har a cikin gidaje tsakanin iyaye da 'ya'yansu. Wasu na cewa butulci ne, mutum ya share maka hawayen shekara 17 ka saka masa da takardar sallama. Wasu kuma na cewa ai teburi ba ya ƙarya, wanda ya sha kashi sau 22 ba shi da bakin magana. A ganina kowanne ɓangare ya yi gaggawar yanke hukunci, domin kuwa ba a auna koci a lokacin da ƙungiya ke cikin tsaka mai wuya da lamba ɗaya tak, ko ta kofi ce ko ta teburi. Kashin nan 22 ba iri ɗaya ba ne. In aka baje su a faifai za a ga sun kasu gida uku, kuma kowanne gida da mai laifinsa.

Bari mu fara daga ƙarshe, don shi ya fi sauƙi. Bayan da Tottenham ta ci Ipswich 4 da 1 a watan Fabrairu na 2025, tana da maki 33 kuma babu wata barazanar faɗawa ƙaramar gasa, saboda Leicester da Ipswich da Southampton sun riga sun yi nisa a ƙasa. A wasanni 12 da suka rage maki 5 kacal ta samu, aka doke ta sau 9. To amma duk mai kallo ya ga abin da kocin ke yi: yana hutar da manyan 'yan wasansa a ƙarshen mako don ya same su da ƙarfinsu ranar Alhamis a gasar Europa, kuma shi da kansa ya faɗa bayan wasan ƙarshe cewa tun ƙarshen watan Janairu ya mayar da hankalinsa kan kofin. Waɗannan kashi tara farashin kofi ne. Wanda ya yi rawa a titin Tottenham ranar da aka zaga da kofin bai kamata ya dawo yana ƙirga su a matsayin laifi ba, musamman da yake kofin ne ya ba ƙungiyar tikitin shiga gasar zakarun Turai da maƙudan kuɗin da ke tattare da ita.

Gida na biyu shi ne na tsakiyar kaka. A ranar 23 ga Nuwamba 2024 Tottenham ta je har gidan Manchester City ta lallasa ta da ci 4 da nema. Daga nan sai ƙasa ta tsage. A wasanni 11 da suka biyo baya ta ci ɗaya, ta yi kunnen doki biyu, ta sha kashi takwas, har da 6 da 3 da Liverpool ta yi mata a gida, da kuma 2 da 1 da Leicester ta yi mata. A wannan lokacin ne jinya ta cinye ƙungiyar. Mai tsaron gida Vicario ya karye a idon sawu a wasan City ɗin nan. Manyan 'yan baya biyu, Cristian Romero da Micky van de Ven, suna kwance. Daga baya Udogie da Solanke suka bi sahu, sannan Dragusin ya samu raunin gwiwa da ya raba shi da sauran kakar. Abin ya kai ga Archie Gray, yaro ɗan shekara 18 wanda asalinsa ɗan tsakiya ne, shi ke tsaron baya mako bayan mako. Ko wane koci ka ɗauko a duniya ka ba shi wannan hali, zai sha wuya.

Sai dai ruwa ba ya tsami banza. Salon wasan Postecoglou shi ne 'yan baya su matso har kusan layin tsakiyar fili, a matse abokan karawa a gidansu, in kuwa aka jefa ƙwallo ta bayansu sai tsere da iya ƙarfi zuwa gida. Irin wannan gudu na bazata, sau da yawa a wasa ɗaya, wasa biyu a mako, shi ke tsinka tsokar bayan cinya, kuma ita ce ta yi ta kwantar da van de Ven. Masu sharhi da dama sun danganta yawan raunin da salon. Bugu da ƙari, ranar 8 ga Disamba 2024 kocin ya fara wasa da Chelsea da Romero da van de Ven tare, dukkansu daga jinya suka taso, kuma babu wanda ya kai ƙarshen wasan a cikinsu. Tottenham na gaba da ci biyu aka juyo aka doke ta 4 da 3, 'yan wasan biyu suka koma gadon jinya na makonni. Likitoci na ba da shawara, amma koci ke rubuta sunayen 'yan wasa. Saboda haka a wannan gida laifin rabawa za a yi.

Kuma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Hukumar kulob ɗin a ƙarƙashin Daniel Levy ta sayar da Harry Kane ga Bayern Munich a watan Agusta 2023, kwana ɗaya kafin wasan farko na sabon kocin a Firimiya. A bazarar 2024, da ƙungiyar ke shirin buga wasannin Turai ƙari a kan na gida, babban ɗan wasa ɗaya aka saya wanda ya goge a Firimiya, wato Dominic Solanke daga Bournemouth. Sauran, irin su Gray da Bergvall da Odobert, yara ne 'yan ƙasa da shekara 20, alhali an sallami gogaggu irin su Hojbjerg da Eric Dier. Da rauni ya yi yawa kuma, sai farkon Fabrairu aka kawo ɗan baya Kevin Danso, bayan an riga an zubar da makin watan Janairu. Wanda ya ba ka jaki ɗaya ya ɗora maka kayan raƙumi ba shi ne zai tambaye ka dalilin jinkiri ba.

To ina ainihin tuhumar take? Tana gida na uku, wanda mutane suka fi mantawa da shi saboda ba shi da hayaniya. Mai karatu zai tuna yadda Postecoglou ya fara a 2023: wasanni 10, ya ci 8, kunnen doki 2, maki 26, yana saman teburi, ya karɓi kyautar gwarzon koci na wata sau uku a jere. Sai ranar 6 ga Nuwamba 2023, da Chelsea ta zo, aka ba Romero da Udogie jan kati, Tottenham ta koma mutum tara, amma kocin ya bar 'yan bayansa a tsaye a layin tsakiya har aka tashi 4 da 1. A lokacin jama'a sun yaba, aka ce jarumta ce. Ni dai tun a nan nake ganin alamar abin da zai biyo baya, domin mutumin da ba ya sauya dabara da mutum tara, da wuya ya sauya ta da goma sha ɗaya.

A ƙarshen wannan kakar ta farko, da Romero da van de Ven duk suna cikin fili, Tottenham ta sha kashi a wasanni biyar cikin bakwai na ƙarshe, ta ƙare a matsayi na 5. Arsenal ta ci ta 3 da 2 a watan Afrilu 2024, biyu daga cikin ƙwallayen daga bugun kusurwa. Aka tambayi kocin, ya nuna ba nan damuwarsa take ba. A watan Satumba Arsenal ta dawo, Gabriel ya sa kai daga bugun kusurwa, aka tashi ɗaya da nema. A wasanni 12 na farkon kakar 2024 zuwa 2025, kafin jinya ta yi tsanani, an doke Tottenham sau biyar: Brighton ta farke ci biyu ta ƙara na uku, Crystal Palace da Ipswich kuma kowacce a kan Tottenham ta samu nasararta ta farko a kakar. Babu kofin Europa da za a fake da shi a nan, babu kuma yaro ɗan shekara 18 a tsaron baya. Kuskure ɗaya ne ake maimaitawa, abokan karawa sun gane lagon, koci kuma bai toshe ba. Sanarwar sallamar ma a nan ta kafa hujja, inda ta ce maki 78 aka samu a wasannin Firimiya 66 na baya. In ka cire maki 5 na wasanni 12 ɗin da aka sadaukar, saura maki 73 a wasanni 54, wanda lissafin ƙungiyar tsakiyar teburi ne.

Akwai wata lamba da ke ba da mamaki. Tottenham ta zura ƙwallo 64 a kakar, aka zura mata 65. Da wuya ka ga ƙungiya ta 17 da irin wannan lissafi. Dalili shi ne bakwai daga cikin nasarorinta 11 da tazarar ƙwallo uku ko fiye ta same su. Masu goyon bayan kocin na cewa wannan shaida ce ta rashin sa'a. Ni kuwa abin da nake karantawa shi ne ƙungiya ce da in wasa ya buɗe za ta ragargaza kowa, in kuma ya matse, ana neman wanda zai riƙe ɗaya da ɗaya ya koma gida da maki guda, ba ta san yadda ake yi ba. Gasar wata tara kuwa da irin waɗannan makin ake gina ta.

Da an zo maganar haƙuri da koci sai a kawo Alex Ferguson, wanda aka yi ta kiran a kore shi a 1989 kafin ya ci kofin FA a 1990. Misalin Mikel Arteta ya fi kusa da zamaninmu. A watan Disamba 2020 Arsenal na matsayi na 15 da maki 14 a wasanni 14. Ranar 26 ga watan Arteta ya sauya tsari, ya fito da matasa Smith Rowe da Saka da Martinelli, ya ci Chelsea 3 da 1, daga nan ƙungiyar ta fara hawa har ta zo ta biyu sau uku a jere daga 2023 zuwa 2025. Abin da ya ceci Arteta shi ne an ga hannunsa a cikin gyaran. A ɗaya gefen kuma ga Erik ten Hag, wanda ya ƙare na 8 da Manchester United a 2024 amma ya ci City a wasan ƙarshe na kofin FA. Saboda kofin aka bar shi, aka ƙara masa wa'adi, aka saya masa sababbin 'yan wasa, sannan aka kore shi ranar 28 ga Oktoba bayan wasanni 9 kacal, ƙungiyar na matsayi na 14. Levy ya ga wannan da idonsa wata bakwai kafin ya yanke nasa hukuncin.

Hujja mafi ƙarfi da Postecoglou ke da ita ita ce yadda ya ci kofin. A Frankfurt ta Jamus, da gidan Bodo/Glimt a Norway, da kuma Bilbao, ya ajiye salonsa, ya ja da baya ya tsare gida. A wasan ƙarshe Tottenham ba ta riƙe ƙwallo ko kashi 30 cikin 100 na lokaci ba. Pape Matar Sarr na Senegal ya jefo, Brennan Johnson ya taɓa ta shiga daf da hutun rabin lokaci, daga nan sai kare gida, har van de Ven ya tashi sama ya fitar da wata a kan layi. Wato ashe mutumin ya iya. Amma wannan hujja wuƙa ce mai baki biyu, domin dole a tambaya: tun da ya iya, me ya hana shi yi a Brighton, ko ranar da Chelsea ta farke masa ci biyu? Ko dai ya koyi darasi a makare, wanda in haka ne ya cancanci kaka ta uku, ko kuma ya sassauta ne don wasanni huɗu ko biyar na kofi kawai, zai koma gidan jiya da an shiga Agusta. Maganganunsa na shekara biyu sun fi nuna na biyun, kuma a kan wannan ne nake ganin korar tana da madafa, ko da yake babu daɗin ji.

Thomas Frank na Brentford aka ɗauko ya gaje shi a watan Yuni 2025. A watan Satumba Levy da kansa ya bar kujerar da ya riƙe tun 2001. A watan nan ne kuma Nottingham Forest ta ɗauki Postecoglou, ta sallame shi ranar 18 ga Oktoba bayan kwana 39 da wasanni 8 ba tare da nasara ba. Wasu sun ce ga shi gaskiya ta fito. Ban yarda ba. An ba shi 'yan wasan da Nuno Espirito Santo ya horar kan ja da baya da kai farmakin bazata, a tsakiyar kaka, ba tare da ko mako guda na atisayen share fage ba. Wasanni takwas ɗin nan sun fi ba da labarin wanda ya ɗauke shi aikin, wanda ya san salon mutumin sarai kafin ya kira shi. Tottenham kuwa wasanni 76 na Firimiya ta gani kafin ta yi magana.