A rage amsa-kuwwa, jama'a

Mu ma'aikatan rediyo mun san ciwon: a tashi daga aiki, kunne na ta shiii har cikin barci. Wasu masu wannan larura a Turai da Amurka har na'ura suke sawa, wadda ke tace sauti ta danne mai tsini kafin ya kai kunne. Tana sauƙaƙawa, amma ƙananan gashin cikin kunne in suka mutu ba su sake tsirowa. OMS ta ce desibel 80, awa 40 a sati, nan ne iyaka. To, don Allah, me ya sa muke zaunar da yara gaban amsa-kuwwa wajen biki har tsakar dare? Masu biki, a rage.