Kurma ma yana da bakin magana, a bar shi ya faɗa da kansa



Akwai wani tela kurma a unguwarmu ta zango a nan Kumasi, mutum mai natsuwa da iya sana'a. Shekara da shekaru, duk lokacin da wata buƙata ta kawo shi fada, da ƙanensa yake zuwa. Shi yana motsa hannu, ƙanen yana fassara, mu kuma muna rubuta abin da ƙanen ya ce. A haka aka raba gadon mahaifinsu, a haka aka tsayar da auren 'yarsa. Ba wanda ya taɓa tambaya ko fassarar ta cika.

Bana ya zo shi kaɗai. Ya jingina wayarsa da tulin takardu a kan teburina, ya kira wani tafinta da shi ya zaɓa, suka yi ta magana da hannu ta bidiyo, tafintan yana mayar mana da baki. Ranar muka san cewa bai taɓa yarda a sayar da ɗakin da ya gada ba. Ban ce ƙanen ya ci amana ba, domin mai yiwuwa shi ma bai fahimta ba. Amma haƙƙin mutum ya kusa salwanta a gabanmu, da sa hannunmu.

Wasu za su ce ai saƙon rubutu ya wadatar. Sun manta cewa kurame da yawa a zangunanmu ba su samu karatun boko ko na allo ba. Wanda ma ya yi karatun, Turanci ko Hausar rubutu baƙon harshe ne gare shi, harshensa na asali yana hannunsa da fuskarsa. Ɗaga gira da karkata kai su ne ke bambanta tambaya da umarni, kuma rubutu ba ya ɗaukar wannan. Tun da WhatsApp ta fito da kiran bidiyo a 2016, waya ta soma yi wa kurma amfanin da ta daɗe tana yi wa mai ji.

Harshen nan yana da tarihi. A 1957 Andrew Foster, wani Ba'amurke baƙar fata wanda shi ma kurma ne, ya buɗe makarantar kurame a Osu ta birnin Akra, daga baya ta koma Mampong-Akuapem. Daga koyarwarsa maganar hannun Gana ta samo tushe, shi ya sa ta yi kama da ta Amurka, ta kuma bambanta da wadda kuramen Kano ke yi. Ke nan ba kowane mai motsa hannu ne tafinta ba, sai wanda ya iya irin wadda kurman ya iya.

Ban ɓoye wahalar abin ba. Bidiyo yana cin data fiye da kiran murya, kuma idan intanet ta yi rauni hoton yana tsinkewa, alama ta ɓace a tsakiyar zance. Idan aka ɗauke wuta da dare, duhu ya rufe masa baki. Yana kuma buƙatar inda zai ajiye wayar, domin hannuwansa biyu suna aiki.

Saboda haka ina ba da shawara uku. Kada fada ta yanke maganar gado, aure ko bashi da ta shafi kurma sai da tafintan da shi ya amince da shi, ko da ta bidiyo ne. Asusun al'umma ya ɗauki kuɗin data na irin wannan zama. Sannan kowane gida mai kurma ya samu mutum biyu da za su koyi maganar hannu sosai, don kada muryarsa ta rataya a wuyan mutum ɗaya.

Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Allah Ya ba mu ikon sauraren wanda muka daɗe muna magana a madadinsa.