Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Manoman Fadamar Rima

'Ya'yana da ƙannena manoman rani na Giyawa da Goronyo da Wurno da Rabah.

Albasarku da tafarnuwarku sun kai kasuwannin Kudu, shinkafarku tana ciyar da gidaje. Allah Ya ƙara albarka. Amma ba yabo ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Tun da aka fara maganar tallafin gyaran ƙasa da ruwa, irin shirin ACReSAL da Bankin Duniya ya ware wa dala miliyan 700 a 2021 domin jihohin Arewa, sai kafa ƙungiyoyi ake yi. Madalla. To amma in ka zauna a taronku, ba abin da za ka ji sai injin ban-ruwa da taki da maganin feshi. Wa ya taɓa miƙewa ya ce a toshe kwazazzabon da ke kwaso yashi daga tudu yana cike gulbi? Kuɗin gyaran ruwa kun mai da su rabon gado.

Iyayenmu ba sa nome gaɓa. Sukan bar jema da gamba, su bar giyayya tsaye, saiwoyi su riƙe ƙasa. In fartanya ta kai bakin ruwa, Sarkin Noma aike yake yi, kuma mutum ya ji kunya. Fadamar nan ce ta rayar da Wurno, garin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, inda aka binne shi a 1837. Yau kun sare, kun nome har cikin ruwa saboda fangali biyu na albasa. Damina ta zo ta tafi da fangalin, ta haɗa da gonar maƙwabci. Ko ambaliyar 2010 ba ta ishe mu darasi ba?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wankin tankin feshi. Yaro ya sauke shi daga baya, ya ɗauraye a gulbi, ruwa ya yi fari. Can ƙasa kaɗan mace na cika tulu, shanun Fulani na sha, masunci na jefa birgi. Ruwan da ake sakowa daga madatsar Goronyo shi ne mutanen Sakkwato ke sha a famfo. Wannan zalunci ne, ku ji tsoron Allah!

Ku gafarce ni in harshena ya yi kaifi, ku nawa ne. In tallafi ya zo, ku fara da gaɓa da kwazazzabo, inji ya biyo baya. Tankin feshi kuwa a wanke shi can kan tudu, nesa da gulbi da rijiya.

Wassalam.